Kadawa, jan-baki da lasisin matuƙanmu

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya mayar da Kadawa da ƙauyukan Bunkure dausayi ko a tsakiyar rani: ga shinkafa, ga alkama, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan. Sai dai idan shinkafa ta fara zuba ido, manomi ba ya runtsawa saboda jan-baki. Tsuntsayen kan taso kamar hadari, yara na ta ihu da buga gwangwani tun asuba, kuma idan abin ya ƙazanta babu magani sai feshi da jirgin sama a makwancinsu.

To wa zai tuƙa jirgin? Kano ba ta rasa matuƙa ba. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, suka dawo da lasisi a hannu, da yawansu kuma suka shafe shekaru ba su shiga ɗakin tuƙi ba.

Dalili kuwa, lasisin da wata ƙasa ta bayar ba ya aiki kai tsaye a jirgin da ke da rajistar Nijeriya. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta bar wa kowace ƙasa ikon tantance matuƙan jiragenta. Don haka sai hukumar NCAA ta tuntuɓi takwararta ta can ta tabbatar da sahihancin takardar, sannan matuƙi ya yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, ya ci jarrabawar dokokin sararin samaniya, ya nuna ƙwarewarsa a Turancin sadarwa. Ban ga laifin wannan tsauri ba, domin rayuka ake ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da lokaci. Shaidar lafiya tana da wa'adi, ƙwarewa tana dusashewa idan an daɗe ba a tashi ba, kamfanoni kuma suna neman ƙarin horo a kan takamaiman samfurin jirgi, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan talaka. Gwamnatocinmu sukan yi kasafin tafiya da bikin yaye ɗalibai, su mance da kasafin dawowa.

Abin mamaki, hanyar nan da ta ratsa Kadawa ita ce ke kai mutum Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Da za a haɗa kai da ita a sabunta takardun waɗanda suka rage a ƙasa, a kuma ware kaɗan daga cikinsu a ba su horon feshin gona, da jihar ta samu matuƙanta a kusa kafin jan-bakin kaka mai zuwa ya sauka.