A Bakin Tafkin Damargu: Daga Juma'a Zuwa Litinin

A ƙasashen da ke bakin teku akwai masu fita ƙarshen mako su zauna a gaɓa don kallon tsuntsayen ruwa. A Muritaniya, gaɓar Banc d'Arguin kaɗai tana saukar da tsuntsaye wajen miliyan 2 kowane hunturu. Mu a Damargu teku ta yi mana nisan fiye da kilomita 1,000. Abin da Allah ya ba mu tafkuna ne, damina ta cika su, rani ya shanye. Sai dai da yawa daga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai ba gaɓar teku suke bi ba. Sahara suke ratsawa kai tsaye, kuma tafkunanmu na cikin ruwan farko da suke tararwa. Don in ga wannan da idona na je ƙasar Tanut a farkon watan Oktoba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci muka bar Damagaram, muka kama hanyar Agadas. Tsakanin Damagaram da Tanut wajen kilomita 150 ne. Mun wuce matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, muka wuce Bakin Birji. Kaka ta shigo sosai: amalanke bayan amalanke ɗauke da dammunan hatsi, gawo kuwa ya fara fitar da sabon ganye, alamar ruwa ya yi sallama. Muna ƙara arewa itatuwa na ƙara gajarta, aduwa da magariya da tumfafiya suka karɓi fili.

Da la'asar sakaliya muka shiga Tanut. Abokina, malamin firamare, yana jirana da babur. Ƙauyensu na gabas da gari, kuma kafin mu ajiye kaya muka je gaida mai gari.

"Ranka ya daɗe, baƙo na kawo. Tsuntsayen tafki ya zo gani."

Mai gari ya dube ni, ya dubi jakata. "Malam, da bindiga ka zo ko da tarko?"

Na fito da madubin hangen nesa na miƙa masa hannu biyu. Ya kara a ido, ya hango rumbunan bayan gari, ya daɗe yana kallo. Da ya sauke sai ya ce, "To, madalla. Wanda zai kalla ya bar mana abinmu, ƙofa a buɗe take."

Inna, mahaifiyar abokina, ta aiko da tuwon hatsi miyar kuka da ƙwaryar fura. Muna ci muka ji fito na wucewa ta sama cikin duhu, gaɓa uku uku. Baba, mahaifin abokina, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kirinjijiya ce. Ta tafi kiwon dare."

Asabar, da asuba

Muna idar da salla muka fita. Ƙarangiya ta cika mana ƙafar wando tun kafin mu kai. Tafkin yana cikin wani kwari mai laka, bagaruwa tsaye cikin ruwa har gindinta ya nutse. Muka shimfiɗa tabarma bayan wata magariya, rana a bayanmu, muka yi shiru.

Wanda ya fara tona mu zakaran ƙeƙuwa ne, mai baƙin kai da farin kunci. Ya tashi yana kewaya mu da ihu har ya gaji ya sauka. Da gari ya waye sosai sai tafkin ya buɗe. Kirinjijiya sun jeru a wani tsibirin laka, fararen fuskokinsu duk sun dubi gefe ɗaya. Dinya biyu na can tsakiya, manya, baƙaƙe masu farin ciki. Zalɓe na tsaye cikin ruwa bai motsa ba har na ɗauka ya yi barci, sai kawai ya cilla baki ya ɗago da kwaɗo. A bakin gaɓa wasu farare masu baƙin fiffike da dogayen jajayen ƙafafu suna takawa a hankali suna tsintar ƙwari a saman ruwa.

Can gefe na ga abin da ya kawo ni: ƴan ƙananan agwagin ruwa masu launin ƙasa, sun cusa kai cikin fiffike suna barci. Da shirwa ta gitta suka tashi gaba ɗaya, sai na ga toka-toka mai shuɗi a kafaɗar mazan. Waɗannan a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, su yi hunturu a Sahel, daga bakin kogin Senegal zuwa tafkin Cadi. Yanzu namiji da mace kusan kamarsu ɗaya. Sai wajen Fabrairu, gab da komawa, namijin ke fitar da farin layi a saman ido.

Da hantsi wasu tsuntsaye masu launin rairayi, girman kurciya, suka zo garke garke. Ba sa daɗewa: su sauka, su kurɓa, su tashi. Baba ya san su sarai. Ya ce lokacin da suke da ƴaƴa namijin kan jiƙa gashin cikinsa ya kai musu ruwa can cikin daji. Abin da littafin tsuntsayen da ke jakata ya faɗa ke nan, shi kuwa Baba a bakin wannan ruwa ya koya.

Asabar, da rana

Kafin azahar tafkin ya koma hannun masu shi na biyu. Shanun Fulani jajaye masu dogon ƙaho suka gangaro, raƙuman Buzaye a bayansu, sai jakuna da jarkoki. Balbela ta bi sawun shanu. Tare da ita akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, yana kaɗa wutsiya yana cafke ƙudaje tsakanin kofatai. Da ƙyar nauyinsa ya kai giram 20, amma shi ma daga Turai ya zo, ya ratsa Bahar Rum da hamada.

Wani dattijon makiyayi ya zauna shan shayi da mu. Daga arewa suka sauko, suna jiran a saki gonaki su bi ta kwarin Tarka, wajen Belbeji. Wannan yanki iyaka ne tun asali. Dokar 1961 da ta shata inda noma zai tsaya a arewa ta wannan shiyya ta bi, don haka manomi da makiyayi a bakin ruwa ɗaya suke haɗuwa. Na tambaye shi, "Baffa, me tsuntsayen nan ke gaya muku?" Ya ce in suna tafe a daji suka ga inda garken tsuntsu ke nufa da safe, sun san ta nan ruwa yake.

Ba yau baƙi suka fara sha'awar tsuntsayen Damargu ba. A 1920 wani ɗan Sikotland, Angus Buchanan, ya ratsa nan daga Kano zuwa Abzin yana tara tsuntsaye da namun daji don gidan tarihin Rothschild da ke Tring a Ingila. Sunayen da aka rubuta a can na Latin ne. Sunayen da Baba da Baffa ke riƙe da su a ka suke, kuma kowane tsoho ya tafi, da nasa yake tafiya.

Asabar, da yamma

Da la'asar shamuwa suka taru a wata gona da aka girbe, sun fi ƙarfin ƙirga da ido, suna tafiya a jere suna tsintar fara. Sheƙunansu na kan tsamiyar tsakar gari, yanzu babu kowa a ciki. Ba mai taɓa shamuwa a ƙauyen nan, domin ita ce mai bushara da damina. Masu bincike daga Danmak sun yi aiki a kanta a kudu maso gabashin Nijar a farkon shekarun 2000. Sun tabbatar da yawan farar da take cinyewa a gonaki, sun kuma ɗaura wa wasu na'urar da tauraron ɗan Adam ke bi, suka ga suna tafiya gabashin Afirka, ta wajen Tanzaniya. Wato a mako ɗaya tafkin nan yana sallamar masu tafiya kudu yana marabtar masu zuwa daga arewa.

Lahadi

Yau na ji ɗaya ɓangaren maganar. Da sassafe hayaniyar gwangwani ta tashe ni. Yara ne a gonar dawa da ba a kai ga yankewa ba, suna kora. Garken jan-baki ya taso daga bagaruwar tafki kamar hayaƙin gobarar daji, ya karkata, ya faɗa gonar. Mai gonar ya nuna mini zangarniyar da aka tsotse ƙwayarta tas.

"Malam, kai kallo ya kawo ka. Ni abincin ƴaƴana ne wannan."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mai son tsuntsaye da bai saurari wannan magana ba ba zai samu kunnen manomi ba. Wasu a ƙauyen na cewa a sare bagaruwar tafki don jan-baki ya rasa wurin kwana. Baba bai yarda ba. Ya kai ni gefen arewa, inda aka taɓa sare itatuwa, ya sa sandarsa ya tona. Rairayi ne zalla sama da laka. Ya ce, "Ɗana, nan da kake tsaye, ina saurayi ruwa na kai mini ƙirji. A da tafkin nan kan kai mu bazara. Yanzu sanyi na wucewa sai ka ga laka ta tsattsage."

Yadda abin ke faruwa a bayyane yake. Tafki laka ce ke riƙe masa ruwa. In aka aske itatuwa da ciyawar tudun da ke kewaye, ruwan sama kan kwaso rairayi ya zuba ciki, iskar hunturu ta ƙara nata. Tafkin ya yi faɗi ya rasa zurfi, rana kuwa ta fi saurin shanye ruwa marar zurfi. Jan-baki zai koma wani wuri ya kwana ya dawo gona da safe. Wanda zai rasa shi ne mai shayar da shanu, da matar da ke shuka wake da kabewa a inda ruwa ya ja, da majemin da ke tsintar ƴaƴan bagaruwa.

Da muka zauna inuwa Baba ya lissafa abin da ya daina gani. Gauraka, wadda kukanta ke tada su da asuba, ya manta rabonsa da ita. Tuji sai an nausa gabas, wajen Termit, inda aka kafa gandun kariya a 2012. Jimina kuwa jikokinsa a hoto suka san ta. Ya ce fari na 1973 da na 1984 ne suka karya daji, farauta da mota ta ƙarasa. Farin Sahel har Turai an ji shi. A 1969, bayan ruwa ya gaza a Sahel, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga wasu ƙananan tsuntsayen da ke hunturu a nan sun ragu ƙwarai, sai daga baya suka gano dalili yana ƙasarmu.

Da yamma abokina ya tara ɗalibansa a bakin ruwa. Muka ba su madubin suna karɓa bi da bi. Wata yarinya ta kama zalɓe a ciki, ta yi tsalle ta ce, "Malam, idonsa rawaya ne!" Baba na zaune yana faɗin suna, malam na rubutawa a allo, yara na maimaitawa. Wani yaro mai danƙo a wuya ya fi kowa sanin inda kowane tsuntsu ke kwana. Malam ya naɗa shi mai riƙe littafin ƙidaya na aji.

Litinin

Kafin in shiga mota na biya ta mahautar Tanut. Hankaki na nan, shirwa na shawagi, ungulu kuwa ban ga ko ɗaya ba. Wani mahauci ya ce a da sai an kore su da sanda. Masanin tsuntsaye Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga daga 1969 zuwa 1973, ya sake bi a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun kusan ƙarewa a wajen gandayen kariya. Tun 2015 ungulun gari tana cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa. Mushen da take kwashewa kyauta yanzu karnuka da ƙudaje ya rage wa.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987, kuma a 2019 aka sa tafkin Gidimuni na jihar Damagaram da na Madarunfa na jihar Maradi a jerinta. Wannan abin farin ciki ne. Amma ƙidayar da Wim Mullié da Joost Brouwer suka jagoranta a shekarun 1990 ta nuna ƙananan tafkunan ƙasar nan, waɗanda suka haura 1,000, suna ɗaukar tsuntsayen ruwa masu ɗimbin yawa. Galibinsu ba su cikin kowane jeri. Mai gari da makiyayi da manomi ne kaɗai masu tsaronsu.

Maganin ma a hannunsu yake. Manoman Maradi da kudancin Damagaram sun farfaɗo da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona. A yi haka a tudun da ke kewaye da kowane tafki, a haƙa rabin-wata don tare rairayi, a bar bagaruwa tsaye, a shata burtalin da dabbobi za su bi zuwa ruwa. Ma'aikatan gona kuma su tsaya wa manomi kan jan-baki tun kafin ya kai ga ɗaukar gatari.

Ina kira ga malaman makaranta na Tanut da Gangara da Olelewa da Belbeji: kowace Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya. Ku kai ɗalibanku tafkin da ya fi kusa, ku gayyaci dattijo guda ya faɗi sunaye, ku rubuta abin da kuka gani ku miƙa wa ma'aikatan kula da ruwa da dazuzzuka. Kai kuma mai karatu da ke Damagaram ko Maradi ko Kano, in kana son ka gani, ka zo tsakanin Oktoba da Disamba, tun ruwa bai ja ba, kuma ka fara da gaida mai gari.