Tarar Fatake a Zamanin Wayar Hannu

A shekarun da muka yi muna riƙe da alƙalamin mai unguwarmu a Zangon Kumasi, ƙarar gado da ta aure muka fi rubutawa. Kwanan baya sai ga wata iri dabam. Wani dattijo manomin albasa daga ƙauyukan Bawku ya kawo ƙarar ɗan ƙanensa, dillali a nan birni. Yaron ya je har gona ya saye amfanin shekara da araha, alhali ya riga ya gani a WhatsApp cewa motocin albasar Nijar sun maƙale a hanya, farashi zai tashi. Dattijon bai da labari, domin a ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis, cajin waya kuwa sai ranar kasuwa.

Yaron ya ce bai yi ƙarya ba, da yardar juna aka yi ciniki. Mai unguwa ya nisa, sannan ya tuna mana karatun zaure: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana tarar fatake a hanya a saye hajarsu kafin su shiga kasuwa su san farashi. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro sun san wannan hukunci. Su a zamaninsu da ƙafa ake tare ayari. Mu yanzu muna zaune muke tarewa.

Kamfanonin sadarwa suna kafa turakunsu ne inda jama'a ta yi yawa kuma akwai lantarki. Tun da aka fara tura kuɗi ta waya a Gana a 2009, ɗan birni yana tallata kaya da hoto, ya karɓi kuɗinsa bai motsa ba. Ɗan ƙauye kuwa, in kuɗi ya shigo masa, sai ya biya babur zuwa wurin wakili, ya biya ladan cira, wani lokaci ma ya tarar babu tsaba a hannu. Harajin tura kuɗi da aka sa a 2022 an soke shi a 2025, amma kuɗin babur ɗin nan yana nan. Haka ribar gumin ƙauye take gangarowa birni, mu kuma muna ci muna cewa albarkar kasuwa ce.

An yi sulhu, yaron ya cika wa baffansa abin da ya rage. Mu kuma aka ɗora mana aiki: duk Juma'a bayan masallaci mu naɗi farashin albasa da masara da doya da murya, cikin Hausa, mu aika wa 'yan'uwanmu na ƙauye. Wani saƙon sai ya kwana biyu bai isa ba, sai an samu mai hawa tudu. Duk da haka muna aikawa, don kada a tambaye mu gobe kiyama abin da muka sani muka ɓoye.