Shayin Jira da Haƙoran Mutanen Ƙonni

Mai tsire yakan san halin haƙoran unguwarsu tun kafin likita ya sani. Duk wanda ya saba tsayawa gefen tukuba a Birnin Ƙonni bayan sallar isha'i zai shaida haka. Wani ya zo ya ce a sa masa tsoka da ɗan kitse, a barbaɗa yaji, ya biya ya wuce. Wani kuwa sai ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, yanka mini ƙanana, ban da jijiya." Wani tun bai buɗe baki ba mai naman ya riga shi: "Baba, hantar dai ko?" Hanta ba ta neman turame, shi ya sa ta zama rabonsa. In aka zauna ci kuma, sai ka ga kai ya ɗan karkace, loma ta koma kunci ɗaya, ana tauna a hankali, ana tsoron kada wani guntu ya ɓata hanya ya faɗa kogo. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu wannan taunar ba tsofaffi ba ne. Samari ne majiya ƙarfi, ƴan kabu-kabu da ƴan canji da masu lodi, waɗanda shekarunsu ba su wuce talatin ba.

Sana'ata rubutu ce, ba ni da albashi a gidan jarida ko ɗaya, in rubuta ne in sayar. Abin da aka fi nema a wurina kuwa labarin abinci ne: ina ake kilishi mai kyau, wace ce gwanar waina, ina matafiyi zai sami farfesu mai zafi da tsakar dare. Masu saye daɗin abincin suke so a ba su labari, kuma ina ba su. Amma wanda ya daɗe yana kallon abin da ke cikin faranti, dole idonsa ya kai ga bakin da ke ci. Na sha ganin an sayi kilishi, an naɗe shi cikin takardar siminti don tsaraba, mai sayen kuwa ko ɗanɗanawa bai yi ba, wai sai ya je gida an daka masa a turmi.

Garuruwan nan namu garuruwan jira ne, kuma daga nan nake ganin zancen ya faro. Ƙonni tana bisa babban titin Yamai zuwa Damagaram, ga iyakar Illelar Najeriya a gefenta, motocin fasinja kan tsaya a ci abinci a yi salla. A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, ana jiran mota ta cika. A Malbaza direbobin manyan motoci kan yi layi suna jiran lodin siminti, a garin da masana'antarsa ta kafu tun shekarun 1960. A Galmi, lokacin albasa, ana jiran dillali, ana jiran farashi, ana jiran a cika buhuna. Ranar Laraba kasuwar Ƙonni, ranar Alhamis ta Badagishiri, mai shago da mai rumfa suna jiran ciniki. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 kuwa, jiran ya koma na watanni, motoci jere da kayansu. Mai jira ba ya cin tuwo sau goma a wuni, amma bakinsa ba ya zama haka nan. Sai a hura gawayi a ɗora buta.

Ina son shayin nan, kuma ina girmama shi. Shi ke haɗa fada, shi ke sa baƙo ya saki jiki, shi ke riƙe mai gadi har asuba. Koren ganye daga ƙasar Sin, ƴar buta, ƙananan kofuna, a ɗaga hannu sama a tsiyaya har kumfa ta tashi. Na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku kusan zaƙi zalla. Ka dai lura da ma'aunin sukarin: kofin da za a sha da shi, shi ake cikawa a juye cikin buta, a kowane zagaye. Kafin a gama na uku an ci awa guda ko fiye, in kuma abin da ake jira bai zo ba, sai a zubar da ganye a sa sabo.

Ga abin da ke faruwa cikin baki a wannan lokaci. Wannan farar dauɗa mai laushi da ke mannewa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Sukari ne abincinsu, in sun ci sai su fitar da tsami, tsamin kuma ya soma narkar da ƙaƙƙarfan ɓawon haƙori. Allah ya yi wa baki mai gyara, wato miyau, wanda ke wanke tsamin ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, sai dai yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa guda ba a ƙara wani zaƙi ba. Wanda ya ci abinci ya ƙoshi ya tashi, miyau zai yi aikinsa. Wanda kuwa yake kurɓa kaɗan-kaɗan daga hantsi zuwa dare, bai ba shi fili ba. Kamar katangar laka ce, ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya yakan bar ta ta bushe, yayyafin wuni guda ne ke zaftare ta. Ganyen shayin ma ba shi da laifi, don yana ɗauke da sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa haƙori. Sukarin ne, da yawan maimaita shi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a wuni ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, ta ce in an tsaya a giram 25 ya fi. Sai ka je teburin mai shayi da safe ka ƙirga. Madarar gwangwani mai kauri, fiye da rabin nauyinta sukari ne, amma bayan an tsiyaya ta sai an bi da cokali biyu ko uku, ga burodi. Da rana zafi ya taso, a sha lemon kwalba, wanda santilita 33 nasa ke ɗauke da giram kusan 35, ko zoɓo mai sanyi a leda. Tun kafin a hura gawayin la'asar an wuce ma'auni. Hatta fura ba ta tsira ba. A ƙauyukan Adar, wajen Illelar Nijar da Tajaye, har yanzu na kan ga dattawa suna shan ta da nono kawai, tsaminta shi ne daɗinta, amma a tasha mai dama fura ba ta ma tambaya, sukari na cikin hannunta tun kafin ka zauna.

Na yara ya fi taɓa ni. Bakin ƙofar kowace makaranta akwai tire: alewa, cingam, biskit, tuwon madara, ƙanƙara mai launi a leda. Da dala biyar yaro zai cika baki, kuma alewa tsotsa ake yi, tana daɗewa a kunci. In haƙorin ya yi baƙi sai a ce ai na nono ne, zai faɗi wani ya fito. Akwai abin da iyaye da yawa ba a taɓa gaya musu ba: wajen shekara 6, turmin farko na girma yakan tsiro can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda ba a ga giɓi ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne. Wannan turmi ba ya da magaji. Shi ne yaron zai tauna nama da shi har tsufa, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin yin kogo. Uwa ta ce wa ɗanta ya buɗe baki a hasken rana ta leƙa ƙurya, aikin minti ɗaya ne.

Ba na cikin masu cewa mutanen da ba su san ciwon baki ba. Goro ya rina haƙoransu, taba ta ci dasashinsu, mata kan goga furen taba don ado, kuma tsofaffi masu giɓi ba yau aka fara ganinsu ba. Sai dai abin taunawarsu na tsakanin abinci goriba ce da aya da gyaɗa da tumu, masu sa muƙamuƙi aiki, zaƙi kuwa irin na rake da nakiya da alkaki yana da lokacinsa, ko kaka ko biki.

In ciwon ya zo, nan ma jira ake yi. A cusa kanumfari a kogo, wanda gaskiya yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe rami. A sayi ƙwaya wurin mai tallan magani a kan tire. Wasu su ɗora ƙwayar a kan dasashi har ta ƙona shi, wasu su ɗiga fetur ko ruwan batir, abin da ke ƙona naman baki ya bar ruɓar tana nan. Wani ya je a "cire masa tsutsa", alhali babu tsutsa a cikin haƙori. Ciwon kan lafa in jijiyar ta mutu, sai a ce an warke, bayan wata biyu kunci ya kumbura har ido ya rufe. Ban ga laifin kowa ba, domin likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma suna Yamai, kuma mai neman na yau ba ya barin rumfarsa ya tafi Tawa ko Sakkwato saboda ɗan rami da bai fara hana shi barci ba. Amma ramin da za a cike cikin rabin awa, in ya kai wannan mataki, maganar da ake ji ɗaya ce: "Likita, a cire kawai in huta."

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne rabin maganin yana hannunmu tun fil azal. Ranar Juma'a ka duba ƙofar masallaci, ga mai asuwaki da damminsa, wani lokaci kafaɗa da kafaɗa da mai alewa. Asuwaki sunna ne, kuma addini ya kwaɗaitar da yin sa a kowace salla, wato sau biyar ke nan a wuni. Wanda bai saya ba ma, ga dogon yaro a kowane layi. Na dai lura da yawa sun mayar da shi abin riƙewa a leɓe, ana hira yana lilo, gaban haƙora ya yi fari, ƙurya da ciki ba a kai ba. Asuwaki sai an bi haƙori ɗaya-ɗaya, ciki da waje, har gindin dasashi, a riƙa yanke bakin da ya tsufa. A haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin kwanciya, domin miyau kan ragu cikin barci, zaƙin shayin ƙarshe ya kwana a baki. A cikin masu shayi kuma an fara samun masu tambayar "Alhaji, cokali nawa?" saboda yawaitar masu ciwon sukari. Duk inda na ji wannan tambaya, ina sa ta cikin rubutuna tare da yabon shayinsa.

Akwai kuma wani bakin da ba a ganin sa a wurin mai tsire, bakin yaron da abinci bai ishe shi ba. Cutar noma tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 galibi, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da dasashi take farawa: ya yi ja, ya riƙa jini, baki ya yi wari mai tsanani, miyau na dalala, yaro ya ƙi abinci. Cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, sannan nama ya mutu ya ɓule, ta ci leɓe da hanci da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Yankin nan namu yana tsakiyar inda take. A Sakkwato akwai asibiti sukutum dominta tun 1999, a Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da yaran da cutar ta kama, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa bukatar da Najeriya ta jagoranta.

Tiyatar gyaran fuska a can ƙarshe take, ga waɗanda suka rayu. A matakin jan dasashi da warin baki, abin da ake bukata maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, kuma ƙaramar cibiyar lafiya ta gunduma tana iya wannan. Tun 2006 Nijar ta ayyana duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Inna ko kaka da ta ji wannan wari a bakin yaro, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ta ɗauke shi a ranar, ko da ranar kasuwa ce, ko da maigida bai dawo daga Galmi ba.