Daga Maraɗi zuwa ganuwar Sin: abin da wani iyali ya gani da abin da ya ci

Ga yawancin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙasar Sin ba ta wuce birni guda ba, wato Gwanzu, wanda Turawa suke kira Kanton. Mutum ya sauka daga jirgi, ya kama ɗaki a otel, ya yi kwana goma tsakanin masana'anta da sito yana cinikin babura ko yadi ko tayil, ya cika kwantenarsa, ya juyo gida. Akwai wanda ya yi wannan tafiya sau ashirin bai taɓa leƙa abin da ke bayan kasuwa ba, alhali kuwa ƙasa ce mai mutane fiye da biliyan 1 da miliyan 400, mai rubutaccen tarihi na sama da shekara 3000.

Wani attajiri na Maraɗi, mai sayar da kayan gyaran babura, ya saɓa wa wannan al'ada cikin hutun lakwal na shekarar 2024, domin ya ɗauki uwargidansa da ƴaƴansa biyu, namiji da mace, suka yi mako biyu suna zagaya ƙasar. Abin da ya sa shi wannan ɗawainiya kuwa shi ne babban ɗan, wanda ya ci bakaloriya a shekarar da ta gabata, ya samu gurbin karatun aikin man fetur a wata jami'a ta birnin Shiyan. Uban ya ga alheri a ciki, domin tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, kuma bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara aiki a 2024, yaron da ya san man fetur kuma yake jin harshen Shinuwa ba zai rasa abin yi ba. Amma Hajiya ta kafe, ta ce ɗanta ba ya zuwa ƙasar da aka ce ana cin duk abin da ke motsi, sai ta ga da idonta abin da zai ci da inda zai yi salla.

Gwanzu, ƙofar shiga

Daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai suka tashi, suka sauya jirgi a Adis Ababa, suka sauka Gwanzu washegari. Agogon Sin yana gaban na Nijar da awa 7, saboda haka kwana biyun farko barci ya riƙa ɗaukarsu da rana yana ƙaurace musu da dare. Zafin birnin kuma mai gumi ne, ba irin na bazarar Maraɗi ba, wanda mutum yakan samu sauƙinsa a inuwa.

Wurin da Alhaji ya fara kai su shi ne masallacin Hwaishen, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, mai hasumiya zagayayya da ta kai kimanin mita 36, wadda ake kira Hasumiyar Haske. Fataken Larabawa da Farisawa da suka zo ta teku a zamanin daular Tan su ne suka kawo Musulunci wannan gari. Musulmin wurin suna danganta ginin masallacin ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har akwai wani kabari a birnin da suke ziyarta da sunansa, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun tabbatar da cewa kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka rufe shi. Abin da ya fi ba iyalin mamaki shi ne alƙibla: wanda ya tashi yana fuskantar gabas tun yarinta, a nan sai ya juya yamma, domin Makka tana yammacin Sin.

A kan abinci kuwa, tsoron Hajiya yana da tushe. Shahararren abincin Gwanzu shi ne ƙananan ƙullin fulawa da ake turarawa cikin kwandunan gora, ana ci da shayi da safe, kuma yawancinsu da naman alade ake cusa su. Ko abin da ake gani ganye ne zalla, ko kifi, sau da yawa da kitsen alade ko giyar shinkafa aka dafa shi. Mafita ita ce kalma guda, cinjan, wadda take nufin halal. Haruffan Sinanci biyu ne da ake rubutawa a ƙofar gidan abincin Musulmi, sau da yawa bisa koren allo, kuma Alhaji ya sa kowa ya adana hotonsu a wayarsa. Kusan kowace unguwa tana da shagon taliyar Lanjo, inda Musulmi ƴan arewa maso yammacin ƙasar suke jan ƙullu da hannu a gaban mai saye, suna ninkawa suna ja har ya zama siraran zare, a dafa shi nan take, a zuba masa romon naman sa da man barkono. Hajiya ta tsaya ta kalli aikin daga farko har ƙarshe kafin ta yarda ta ɗanɗana. Tsinkayen cin abinci sun gagare ta, ta nemi cokali, aka ba ta ba tare da wata magana ba.

Bejin, fada da ganuwa

Tsakanin Gwanzu da Bejin, wanda littattafan lakwal suke kira Pekin, akwai layin dogo na kilomita kusan 2300 da aka kammala a 2012. Jirgin ƙasan yana gudun kilomita 300 a awa, yana cinye wannan nisa cikin kimanin awa 8. Wanda ya san yadda motar fasinja take wuni tsakanin Maraɗi da Yamai zai gane dalilin da ya sa yaran suka kasa ɗauke ido daga allon da ke nuna gudun jirgin.

A tsakiyar Bejin, arewa da dandalin Tiyananmen, tsohuwar fadar sarakuna take, wadda ake kira Haramtaccen Birni domin a dā talaka ba ya shigarta. An gina ta tsakanin 1406 da 1420, faɗinta eka 72 irin ta awon hekta, bangonta ja, rufinta ruwan ɗorawa, launin da aka keɓe wa sarki. Sarakuna 24 suka zauna cikinta. Na ƙarshensu, Puyi, an sauke shi a 1912 yana yaro, aka fitar da shi daga fadar a 1924, aka mai da ita gidan tarihi a 1925. Ba a buɗe ta ranar Litinin, kuma tikitin shiga sai an yanke shi tun kwanaki kafin zuwa, ta intanet, da lambar fasfo. Zaure bayan zaure, fili bayan fili, iyalin suka yi awa huɗu suna tafiya ba su ga rabinta ba.

Washegari suka nufi ganuwa, ta sashen Mutiyanyu, kimanin kilomita 70 daga birnin. Ganuwar ba gini guda ba ce: dauloli daban-daban suka yi ta ginawa cikin ɗaruruwan shekaru don tare mahayan arewa, kuma awon da hukumomin ƙasar suka bayyana a 2012 ya ce jimillar tsawonta kilomita 21,196 ne. Sashen dutse da tubali da baƙi suke hawa aikin daular Min ne, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Ginin yana bin ƙoƙuwar duwatsu, yana hawa yana sauka, matakalansa wasu gajeru wasu har gwiwa. Hajiya da ƴarta suka hau keken da ke rataye a igiyar ƙarfe, mazan suka taka da ƙafa. Tarihin ƙarshen daular Min kuma yana da darasi ga duk mai riƙe da amana: Mancu da suka karɓe mulki a 1644 ba su fasa ganuwar ba, wani babban hafsan soja mai tsaron ƙofar Shanhaigwan ne ya buɗe musu.

Da dare sukan tafi unguwar Niyuje, wato Titin Sa, tsohuwar unguwar Musulmin Bejin, inda masallacin da aka kafa a shekarar 996 yake. Nan suka ci naman rago da aka yanka siriri kamar takarda, ana tsoma shi cikin tafasasshen ruwa a tukunyar tagulla mai garwashi a tsakiya, a tsamo shi nan da nan, a dangwala cikin miyar riɗi. Da safe kuma suka tarar mutanen arewacin Sin suna shan kunun wani ƙaramin gero mai launin ɗorawa. Hajiya ta ce ba shi da tsamiya ba shi da yaji, amma dai kunu ne.

Shiyan, inda aka yanke shawara

Shiyan tsohon babban birnin ƙasar ne, kuma daga nan hanyar fataken siliki take tashi zuwa yamma. Har yanzu ganuwarsa ta kusan kilomita 14 tana tsaye, da faɗin da ake tuka keke a bisanta. Gabas da birnin, a watan Maris na 1974, wasu manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da gutsattsarin gumakan yumɓu. Da masana suka tona sai ga rundunar soja ta kimanin mutum 8000, kowane da tsawon mutum da irin fuskarsa, tare da dawaki da karusai. An binne su ne don su tsare kabarin Cin Shi Hwan, sarkin da ya haɗa ƙasar ƙarƙashin mulki guda a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a ta 210. Alhaji ya daɗe yana kallon sahun, sannan ya ce wa ɗansa: "Ka gani, duk wannan runduna ba ta hana ƙasa cin mai ita ba."

Cikin tsohon gari akwai unguwar Huwi, Musulmi masu magana da Sinanci, waɗanda ƙidayar 2020 ta ce sun haura miliyan 11 a faɗin ƙasar. Babban masallacinsu, wanda ake cewa an kafa shi a 742, ba shi da ƙubba. Farfajiyoyi ne a jere da itatuwa da ƙofofin katako masu lanƙwasasshen rufi, har wanda bai sani ba zai ɗauka gidan sarauta ne, sai ya isa ɗakin salla ya ga ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a jikin katako. Iyalin suka yi azahar a nan, suka fito suka shiga layin masu abinci, inda ake gasa tsire da yaji, ana kirɓa alewar gyaɗa da manyan guduma. Abincin da garin ya yi suna a kansa shi ne pawmo: a ba mutum gurasa mai tauri ya gutsuttsura ta da hannunsa ƙanana-ƙanana, a mayar wa mai dafuwa ya zuba mata romon rago, a kawo da tafarnuwa jiƙaƙƙiya.

Kashegari suka je jami'ar, aka nuna musu ɗakin cin abincin halal da aka ware wa ɗalibai Musulmi. A hanyar dawowa Hajiya ta ce: "Alhaji, na gani. Ya zo, Allah ya tsare. Amma a aiko masa da yaji da kilishi." Gani ya kori ji.

Abin da baƙo ya kamata ya sani

Kada kyawun waɗannan wurare ya rufe ido ga sauran. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto da ya ce an tafka manyan take haƙƙi a kan Musulmin Uigur na lardin Shinjiyan, zargin da gwamnatin Sin ta musanta. A watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, an kori ƴan Afirka da dama daga gidajen haya da otel a Gwanzu, har jakadun ƙasashensu suka kai ƙara ga hukumomin Bejin. Iyalin nan ba su gamu da wulaƙanci ba, sai dai yawan kallo da masu son ɗaukar hoto da su, musamman a ganuwa, inda ake samun mutanen karkara da ba su taɓa ganin baƙar fata ba.

Doka ta wajabta wa baƙo ya yi rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24 da saukarsa. Otel yakan yi wa mutum wannan, amma wanda ya sauka gidan ɗan'uwa sai ya je da kansa. Fasfo kada ya rabu da aljihu, domin da shi ake shiga jirgin ƙasa da gidajen tarihi. Kuɗin hannu sun yi ƙaranci a ciniki, ko mai tallar ƴaƴan itace da waya ake biyansa, ta Alipay ko WeChat, kuma tun 2023 ana iya haɗa su da katin bankin waje. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke, saboda haka a shirya yadda za a yi magana da gida tun kafin a tashi. A guji makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekarar Sinawa, domin ƙasar duka tana kan hanya. A teburi kuma kada a soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don haka ake kafa turare ga mamaci.

Kuɗin da tafiyar ta ci ya kai ribar kwantena, kuma Alhaji bai ɓoye haka ga abokan cinikinsa ba. Sun dawo Maraɗi da shayi da tukunyar tagulla guda, yaron kuma ya koma Shiyan a watan Satumba, ya fara da shekarar koyon harshe.