Kalmar da ke Gindin Shafi

Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu, ko wani tsohon littafin fiƙihu na gado, ya san ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne ɗai-ɗai, an jera su, an rufe da tadarishi, an ɗaure, an cusa cikin gafaka. Yawancinsu ba su da lambar shafi. To idan iska ta kaɗa su, ko yaro ya yi tuntuɓe da su, ta yaya kowace warƙa ke komawa mazauninta? Duba can ƙasa, bayan warƙar, wajen hagu. Za ka ga kalma guda zaune ita kaɗai a ƙarƙashin layin ƙarshe. Ita ce kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. Mai kwafi ya ajiye ta ne saboda wani mai karatu da bai san shi ba, wanda watakila ma ba a haife shi ba tukuna.

Yanzu ana yayin ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai a zuba a kwamfuta, kuma ina murna da haka ƙwarai. Gara ba ta jiran kowa, haka ma danshin damina da ɓera, ga kuma tawadar da aka haɗa da ƙarfe tana cin takarda a hankali har harafi ya zama rami. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar hoton. Sau da yawa za ka ga an turo shafi ta WhatsApp, an yanke gefe da gefe don rubutun ya fito tas, ya yi kyan gani. Wannan yankan ya tafi da kalmar gindin shafi. Hotuna ɗari biyu na littafin da ba lamba, ba wannan kalma, idan suka cakuɗe sai malamin da ya haddace littafin ne zai iya jera su.

Kuma ba ita kaɗai ake zubarwa ba. A gefen shafi da tsakanin layuka ne ɗalibai suke rubuta abin da malam ya fassara musu, da ajamin Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci. Tsofaffin Alƙur'anai na Borno, waɗanda wasunsu suka kai ƙarni na 17, irin wannan ƙaramin rubutu ne ya adana tsohon harshen Kanembu da malamai ke tafsiri da shi. Matanin kansa akwai shi a ko'ina, amma hashiyar wannan kwafi babu ita sai a nan. Haka shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan faɗi sunansa, da wanda ya rubuta wa, wani lokaci da shekara, sannan ya roƙi addu'a. Mai sauri yakan tsallake shi saboda karatu ya ƙare.

Akwai ma abin da sai an ɗaga takardar sama, haske ya ratsa ta, sannan a gan shi: tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus, ayarin raƙuma ya ratso Sahara da ita har Kano. Masana kan yi amfani da tambarin wajen kintatar shekarun littafi. Hoton da aka ɗauka da haske daga sama kawai ba zai nuna shi ba, shi ya sa ba na son jin wani ya ce tunda an ɗauki hoto, asalin ya gama aiki.

Shi kansa hoton ba dawwamamme ba ne. Tun 1964 Jami'ar Ibadan ta kafa cibiyar da ta riƙa aron rubuce-rubucen Larabci daga hannun masu su, ta ɗauke su a siririn fim, ta mayar musu da kayansu. Aiki ne na alheri, sai dai irin fim ɗin wancan zamani zafi da danshi na ɓata shi, kuma na'urar karanta shi ta yi wuya. Bayansa an yi faifan CD, ga filas, ga katin waya da kan mutu dare ɗaya ba sallama. Manya ma ba su tsira ba. Babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda tun 2004 yake ɗaukar nauyin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari a faɗin duniya, har da na Najeriya, 'yan kutse sun afka masa a watan Oktoba na 2023, abubuwa da yawa da ake karantawa ta intanet suka rufe na tsawon watanni.

Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u, mafi yawansu ba rubutun hannunsu ne ya iso gare mu ba. Ɗalibi ne ya kwafa daga malaminsa, nasa ɗalibin ya kwafa daga gare shi, kafin takardar farko ta lalace an riga an sami goma a garuruwa daban-daban. Abin da ke cikin kwamfuta ma haka yake bukata: kwafi aƙalla uku, kada duka su kwana a gini ɗaya, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana dubawa, a juye su cikin sabuwar na'ura kafin tsohuwar ta daina tashi. Wannan aikin mutum ne mai albashi, da wutar lantarki, shekara bayan shekara, ba na rana ɗaya da ake ƙaddamarwa a kira 'yan jarida ba. Gidajen ajiya irin su Arewa House da ke Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, kasafin wannan ɗawainiya ya kamata a fara tambayar an ware musu, kafin a tambayi na'ura nawa aka sayo.

Mai gafakar gado a gida kuwa, in zai ɗauki hoto da wayarsa, ya shimfiɗa warƙar a kan baƙin ƙyalle, ya bar gefunan nan huɗu su fito, ya ɗauki gaba da baya bi da bi, ya sa wa kowane hoto lamba, ya rubuta sunan littafin da gidan da garin. Sannan ya aika wa ɗan'uwansa da ke wani gari kwafi.