Motar da ba ta da littafi

Bayan la'asar ne, ruwa ya ɗauke, kwalta tana sheƙi. Ya fito daga layinsu na Unguwar Kanawa ya hau titin Ali Akilu ya miƙi Kawo, ɗan yayansa yana zaune a gefensa. Da ya ga hanya ta buɗe sai ya taka totur. Wata ƙara ta fito daga ƙarƙashin kujerun baya, kamar an saki turmi a kan siminti. Injin ya ci gaba da ruri, motar kuwa ta daina ja. Suka gangara gefen titi da ɗan sauran gudun da ya rage mata. Yaron bai ce uffan ba, amma hannunsa biyu suna riƙe da ƙofa. Karo na biyu ke nan cikin wata huɗu da haƙoran bakaksil suka zube.

Motar BMW 318is ce mai ƙofa biyu, daga jerin da ake kira E36, wanda aka ƙera tsakanin 1990 da 2000. Ta yayansa ce, Allah ya ji ƙansa. Da aka raba gado sai ta faɗo a kason ɗan marigayin, wanda a lokacin bai gama firamare ba, aka damƙa amanarta a hannun baffansa. 'Yan uwa sun ba shi shawara ya sayar ya ajiye wa yaro kuɗi. Ya ƙi, yana cewa yaro ya fi bukatar abin da hannun ubansa ya taɓa. Ta yi shekaru a ƙarƙashin tamfol, kuma ranar da aka zo tayar da ita injin ya buga. Daga nan ne mutumin, wanda akanta ne mai lissafin kuɗin jama'a daga safe zuwa yamma, ya yanke shawarar da ba ta da lissafi: zai sa mata injin Lexus.

A Kaduna wannan ba baƙon abu ba ne. Tun da masana'antar Peugeot ta Kakuri ta soma harhaɗa motoci a 1975, garin ya tara mutanen da suka san cikin mota kamar yunwar cikinsu, kuma a Panteka da wuya a kawo ƙarfen da za a ce ba a iya yanka shi, a lanƙwasa, a haɗa shi da wani. An daɗe ana cire injin da ya gaji a jefa wa mota na Japan don ta ci gaba da neman abinci. Sai dai waɗancan tsofaffin injuna masu kafireto ba su da yawan buƙata. A ba su mai, a ba su wuta, su tashi. Wanda ya zaɓa daban ne. Sunansa 1UZ-FE, silinda takwas, lita 4, ya fara fitowa a cikin Lexus LS400 a 1989. Yana da suna wajen ƙarko, ana samunsa a kasuwar 'yan Beljiyam, kuma ya zo daga Legas tare da giyarsa mai canza kanta da ƙwaƙwalwarsa da curin wayoyi da aka datse da almakashi. Ranar da ya fara tashi a cikin BMW, yaran gareji har tafi suka yi. Kowa ya ɗauka an gama aiki.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗaura noti ko ɗaya gajere ne. Injin asali yana ba da ƙarfin doki 140, ƙarfin murɗawarsa kuma 175 a awon Nm. Sabon yana ba da doki 250, murɗawa 353. Yawan doki shi ake fahariya da shi a majalisa, amma murɗawa ita ce mai karya ƙarfe, kuma ta ninka. Ba ta isa baya a haka ba ma: giyar farko tana ƙara ninka ta fiye da sau biyu kafin ta bi farfela ta shiga bakaksil, inda ƙaramin haƙori yake tura babban faifai, faifan ya raba juyi ga shaf biyu masu zuwa tayoyi. BMW ta sa wa motocinta masu silinda huɗu ƙaramin bakaksil, mai faifan milimita 168. Ita kuwa 325i mai silinda shida, nata 188 ne. Tazarar milimita ashirin ba ta cika ido ba, amma a nan kaurin haƙori da girman boris suke. Da na farko ya fashe, mai motar ya ce tsufa ne, ya sayo irinsa sak ya mayar. Akanta ne da ba zai taɓa yarda a biya takarda ɗaya sau biyu ba tare da tambaya ba, ga shi ya biya.

Bayan abin da ya faru a hanyar Kawo aka ja motar zuwa wurin wani dattijon makaniki da ya yi ƙuruciyarsa a Kakuri, kowa Baba yake ce masa. Baba ya zube haƙoran a kan buhu, ya daɗe yana juya su da yatsa.

"Alhaji, wa ya ce maka wannan zai ɗauki wannan injin?"

"Ai shi ne na motar, Baba."

"Na motar da ce. Wannan da ke gabanmu wata ce dabam, ba ta da littafi. Ba Bajamushe ya yi ta ba, ba mutumin Japan ba. Kai ka yi ta."

Aka nemo bakaksil na 325i tare da shaf ɗinsa, domin Baba ya ƙi yarda a haɗa babban bakaksil da ƙananan shaf, ya ce sai dai karayar ta matsa gaba. Da aka sauke ƙarfen da yake riƙe da ƙafafun baya gaba ɗaya, sai ga siraran tsagu a jikin motar daidai inda notinsa suke shiga. Wannan rauni sananne ne ga masu E36, kuma injin da ya ninka ƙarfi yana gaggauta shi. Aka yi walda, aka ƙara faranti. Baba ya kuma matsa sai an sa manyan birki na mai silinda shida, abin da mai motar bai sa a kasafinsa ba. A nan dattijon yake da gaskiya ba tare da jayayya ba. Mutane da yawa suna kashe dukiya don mota ta yi gudu, su yi rowa a kan abin da zai tsayar da ita.

Saura rawar jiki. Da zarar gudu ya kusa kilomita 90 sai kujera ta soma kaɗawa, madubi ya dushe. An yi ta zargin taya, an daidaita su sau biyu, babu canji. Laifin na farfela ne. Don a haɗa giyar Toyota da bayan BMW dole aka yanka farfela biyu aka haɗa rabi da rabi, kuma wanda ya yi waldar da ido ya auna. Baba ya ɗaga motar a kan jak, ya sa yaro ya saka giya a hankali, ya kwanta a ƙasa yana matso da alli kusa da ƙarfen mai juyawa har ya soma taɓawa. Da aka tsaya, allin ya zana gefe ɗaya kawai. Farfela tana juyawa sau uku da wani abu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka karkatar da ido ba ya gani a tsaye takan zama guduma a kan hanya. Aka sake yanka ta, aka kai wa mai injin juya ƙarfe ya daidaita ta kafin a kama da walda, aka kuma ɗaga mazaunin giya kaɗan don layin ya miƙe. Rawar ta tafi.

Da ƙarfe ya yi shiru sai wuta ta soma nata. Motar takan mutu idan an rage gudu za a shiga shataletale, wani lokaci a tsakiyar cunkoson keke-napep, sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙage. Giya takan yi jinkirin canzawa, ko ta canza da duka. Allurar gudu takan faɗi ƙasa ta sake tashi. Masu riwaya uku suka taɓa ta. Na farko ya ce fulogi, na biyu ya ce famfon mai, na uku ya canza kwayil da na'urar auna iska a rana ɗaya. Kowane canji yakan ba da kwana biyu na kyakkyawan zato. Wannan kuwa ya zo bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da kowane fita gwaji da silinda takwas yake cin abin da zai yi cefanen kwanaki. Uwargidansa ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa da dare: idan yaron ya kai munzali ya ce a ba shi motar ubansa, wannan za a miƙa masa?

Washegari ya sayi littafi mai bangon kwali irin na ajiye lissafi. Ya ja layi huɗu: rana, abin da ta yi, abin da aka taɓa, abin da ya biyo baya. Ya kafa wa kansa doka cewa ba za a ƙara canza abu biyu a lokaci ɗaya ba, kuma ba za a sayi komai ba sai an nuna masa da mita cewa tsohon ya mutu. Masu riwaya ba su so wannan ba, kuma ba don mugunta ba. Sana'ar ta ginu ne a kan sauri, mai mota yana tsaye yana jira, canza kaya ya fi bin waya sauƙin bayani da sauƙin karɓar kuɗi. A motar da kamfani ya haɗa, wannan hanya takan yi aiki sau da yawa, domin akwai dubban irinta kuma an san inda suke ciwo. Tasa ita kaɗai ce.

Abu na farko da littafin ya tono abin kunya ne. Ƙwaƙwalwar Toyota ta wancan zamani tana iya faɗin abin da yake damunta: a haɗa ramuka biyu masu suna TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji ta yi ta ƙifta lamba. Amma wanda ya yi haɗin farko bai ja wa fitilar waya ba. Wata da watanni ƙwaƙwalwar tana magana babu mai ji. Wani matashin mai riwaya, wanda ya yarda ya yi aiki da dokar littafin, ya nemo wayar ya ɗaura mata ƙaramin ƙwai. Ya ƙifta sau huɗu, ya dakata, ya ƙifta sau biyu. A jadawalin Toyota, 42 na nufin ba ta samun labarin gudun mota.

Dalilin yana da ban sha'awa. A cikin Lexus, saƙon gudu yana tashi daga giya ya je mitar gaban direba, mitar ta gyara shi ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Waccan mita tana can inda aka yanka motar, wataƙila a wata nahiya. Ita kuwa E36 daga bakaksil take karanta gudunta, ta wata 'yar sansa da ke jikin murfinsa, kuma yawan bugun da take aikawa ba shi ne wanda Toyota ta saba ji ba. Ƙwaƙwalwar da ba ta san ko mota tana tafe ko tana tsaye ba takan yi kuskuren iskar da za ta ba inji sa'ad da aka ɗaga ƙafa daga totur. Aka yi odar wata 'yar na'ura mai sauya yawan bugu, aka sa ta tsakanin mitar BMW da ƙwaƙwalwar Toyota, ta zama tafinta. Mako guda lafiya lau, sai 42 ta dawo. A shafi na baya mai motar ya ga cewa faɗuwar allura ta fara ne a makon da aka canza bakaksil. Aka shiga ƙasa, aka tarar da wayar sansar a matse tsakanin ƙarfe biyu, rigarta ta goge, tana taɓa jiki duk lokacin da aka faɗa rami. Gyaran bai ci minti ashirin ba.

Duk da haka ta ci gaba da mutuwa jefi-jefi, ba tare da wata lamba ba. Littafin ya nuna cewa ba ta taɓa yi da safe ba, kullum tsakanin azahar da la'asar ne, bayan ta ɗau zafi. Aka ƙara kaurin wayar da ke mayar da wuta daga inji zuwa jikin mota, abin ya ragu bai ƙare ba. Daga ƙarshe matashin ya kwance ƙwaƙwalwar ya kai wa wani tsohon mai gyaran rediyo a kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Da aka buɗe murfi sai wani ƙarni ya taso. Ƙananan kafasito, masu kama da gwangwanin da bai kai kan yatsa ba, sun tsiyayar da ruwansu ya fara cin layukan tagulla. Masu tsofaffin LS400 a ko'ina cikin duniya sun san wannan ciwo. Shekara talatin da zafi ne suke kawo shi. Tsohon ya wanke allon, ya ɗinke layi biyu da siririyar waya, ya sa sababbi. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin fulogin da aka zubar tun farko ba.

Ranar wata Asabar suka ɗauki hanyar Zariya, shi da yaron, Baba yana baya da kunnensa a karkace. Suka wuce Maraban Jos, suka juyo a Jaji da rana tsaka, ba ta yi tari ba. Har yanzu na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, allurar zafi tana nuna ƙasa da gaskiya don sansar Toyota da mitar BMW ba awo ɗaya suke yi ba, kuma takardun motar suna ɗauke da lambar tsohon inji, sai an je ofishin lasisi an gyara. Ya lissafa duk abin da ya kashe ya rubuta a shafin ƙarshe cewa daga aljihunsa ne, ba ya bin maraya ko kwabo.

Da suka iso gida yaron ya miƙo hannu yana murmushi.

"Baffa, makullin fa?"

"Sai ka yi lasisi. Karɓi wannan tukuna."

Ya ba shi littafin. Yaron ya zauna a kan dakali yana buɗawa har ya kai layin da aka rubuta a ranar, da hannun Baba mai karkata: ƙara kaɗan daga hagu ta baya idan an sha kwana, a duba boris ranar Litinin, kada a taɓa komai sai shi.