Laifin ba na asuwaki ba ne

Turmin haƙori na sama saiwa uku gare shi, kamar duwatsun murhu: biyu ta wajen kunci, babbar ta wajen ganɗa. Na haddace wannan tun a makaranta, amma bai hana ni cutar da wani dattijo ba, mai sayar da shanu da ya zo mana Daura daga Mai'adua yana kukan jini a dasashi da warin baki.

Na kankare masa dattin da ya daskare, na auna ta gefen kunci na ga lafiya lau, na ɗauki hoto ban ga abin tsoro ba. Sai na hau shi da faɗa. "Baba, goro ya yi yawa, asuwaki ya yi kaɗan." Ya ce, "Yarona, ko sallah ɗaya ba na yi ban goge ba." A raina na ƙaryata shi.

Gaskiya ya faɗa. Inda saiwoyin ke rabuwa akwai ƙofa uku, kuma ɗaya kawai na duba. Ta gaba sai ta wajen ganɗa ake samunta, ta baya kuwa haƙorin da ke maƙwabtaka ya tare ta. Tazarar da ke tsakanin wuyan haƙori da waɗannan ƙofofi ba ta wuce milimita 3 zuwa 5 ba, don haka da ƙashi ya ɗan zaizaye, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Binciken Bower na 1979 ya nuna fiye da rabin irin waɗannan ƙofofi ba su kai faɗin bakin ƙarfen da muke kankara da shi ba, balle asuwaki ko buroshi. Hoton ma ruɗi ne, domin babbar saiwar takan rufe wurin da ƙashin ya cinye. Ba banza ba Hirschfeld da Wasserman, da suka bi marasa lafiya 600, suka tarar a 1978 cewa turamen sama na cikin haƙoran da ciwon dasashi ya fi ɗauka.

Bayan damina ya dawo, kunci a kumbure, mugunya na fita. Dole aka cire. Na juya haƙorin a tafin hannu, ga baƙin datti cunkushe tsakanin saiwoyin. Na nuna masa, na nemi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ya buɗe baki in duba na ɗaya gefen. Da lanƙwasasshen ma'auni na bi ƙofofin uku, na tarar ta baya ta soma buɗewa, muka sa ranar wanki.